Ma'adi ta Alƙahira: wacce daga ciki ake yi maka talla?

Tambaya: An yi mini canjin wurin aiki zuwa Alƙahira na shekara biyu, kuma da iyali zan tafi. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in nemi gida a Ma'adi, wai unguwa ce mai shuke-shuke a bakin Kogin Nilu. Don Allah mene ne asalinta, kuma me mutum zai tarar na makaranta, asibiti, kasuwa da abin hawa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa a je a sa'a. Waɗanda suka ba ka shawarar nan ba su yi ƙarya ba, amma sun rage maka zance. Tsara birane na karanta, kuma na zauna a unguwar har na san titunanta da ƙafa, don haka abin da zan fara gaya maka shi ne Ma'adi ba guda ɗaya ba ce. Sunan ya rufe wurare biyar ko shida da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, kuma wanda ya fi kowanne daɗin zama a cikinsu ba ya ma kallon kogin. In ka san yadda aka yi ta zama haka, dillali ba zai yi wasa da hankalinka ba.

Tana gabashin Nilu, kimanin kilomita 12 kudu da tsakiyar birnin. Sunan Larabci ne, jam'in "ma'addiyya", wato kwale-kwalen fito. Mashigi ne tun da daɗewa, inda masu fito ke tsallakar da mutane da dabbobi zuwa gaɓar yamma, ɓangaren Giza, kuma tsohon sunan ƙauyen Ma'adi al-Khabiri. Zaman mutane a wurin kuwa ya girmi Fir'aunonin kansu. Daga 1930 masu tonon kayan tarihi, Mustafa Amer da Oswald Menghin, suka fara haƙa a gefen hamadar unguwar, suka tarar da wani gari da ya rayu wajen shekara 3,900 zuwa 3,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An samu kayan tagulla, da tuluna irin na Falasɗinu, da ƙasusuwan jakuna, abin da ya nuna fatake ne masu safara tsakanin Masar da ƙasashen gabas. Har yau masana na kiran wannan zamani da sunan Ma'adi. Kada dai ka sa rai za ka je ka gani, gine-gine sun hau kan mafi yawan filin. Kudu da ita kaɗan kuma Tura take, inda aka fasa farin dutsen da aka lulluɓe dalar Giza da shi. A 2013 aka gano littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya rubuta yadda suke lodin dutsen nan a jiragen ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Fir'auna Khufu.

Abu ɗaya daga tsohon zamani da har yanzu yake tsaye a bakin ruwan shi ne cocin Maryam na Kibɗawa, mai ƙubbobi uku, da ake kira al-Adawiyya. A al'adar Kiristocin Masar, daga nan ne Nana Maryam da ɗanta suka shiga jirgin ruwa suka nufi kudu lokacin da suka yi gudun hijira zuwa Masar. Akwai matakalar dutse da ke gangarawa zuwa ruwa, akwai kuma wani Baibul a cikin gilashi da suka ce an tsinta yana yawo a kan kogin a watan Maris na 1976. Kowace shekara ranar 1 ga Yuni suna biki a wurin.

To amma Ma'adin da abokanka ke nufi, mai bishiyoyi da shiru, ba ta da alaƙa da wannan duka. Ita kamfani ne ya ƙirƙire ta, don riba. Layin dogo ya riga ya haɗa Alƙahira da garin Helwan da ke kudu tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1904 aka kafa kamfanin Egyptian Delta Land and Investment, na wasu Turawan Ingila da attajiran Yahudawan Masar irin su gidan Mosseri, ya shiga sayen gonaki a gefen layin da arha. Lissafinsu mai sauƙi ne: wanda ke aiki a banki ko ma'aikatar gwamnati a cikin gari zai so ya kwana inda babu hayaniya, muddin jirgi zai kai shi ofis da safe. A 1905 wani tsohon hafsan soja ɗan Kanada, Alexander Adams, ya zana taswirar garin: tituna a miƙe masu lamba, wasu manya na ratsa su a karkace, suna haɗuwa a shatale-tale. Ruwan shuka kuma daga wata magudanar ban-ruwa ake ɗebowa, Tur'at al-Khashab, wadda ta ratsa tsakiyar unguwar. Daga baya an cike ta, amma titin da ke kanta har yau Titin Kanal ake ce masa, kuma yana cikin wuraren da suka fi inuwa.

Abin da ya sa wurin ya fita daban shi ne sharuɗɗan da kamfanin ya ɗora wa duk mai sayen fili. An ƙayyade iyakar faɗin da gini zai ci, sauran dole a bar shi lambu. An ƙayyade tsayin gida da faɗin hanyar masu tafiya a ƙasa, har launin fentin tagogi sai wanda aka yarda da shi. Wanda ya bar lambunsa ya lalace tara ce, wanda ya ƙure rediyo bayan ƙarfe goma na dare shi ma ya taka doka. Tun ran gini tun ran zane: inuwar da za ka sha a Titi na 15 ko na 18 yau, dokar da aka rubuta fiye da shekara ɗari ce ta dasa ta. Mangwaro, bishiyar turare, jakaranda da ke zubar da fure shuɗi-shuɗi a kan motoci wajen Afrilu, da wata mai jan fure kamar garwashi da ke biyo bayanta, duk dasa su aka yi a inda a da gona ce ko rairayi.

Ka lura da inda suka gina. Mafi yawan tsohuwar unguwar yana gabas da layin dogo, wato layin ya shiga tsakaninta da kogin. Dalili kuwa, a wancan lokaci Nilu na cika kowace shekara wajen Agusta da Satumba, kuma ƙasar bakin ruwa ta noma ce, mai laka da sauro. Mai kuɗi ba ya gina gida a nan. Sai bayan da aka shimfiɗa babban titin bakin ruwa, Kornish, aka kuma gama madatsar Aswan a 1970 ambaliya ta daina zuwa, sannan masu gini suka afka wa gaɓar da dogayen benaye. Shi ya sa yau in ka fito daga tsohuwar Ma'adi kana son ganin ruwa, sai ka haye gadar jirgi, ka ratsa unguwa mai cunkoso, ka tsallake titi mai layi-layi da motoci ke gudu kamar an koro su, sannan ka isa.

Akwai wani labari da nake jin daɗin bayarwa, ko da bai shafi neman gida ba. A 1913 wani Ba'amurke mai suna Frank Shuman ya kafa injin da ke aiki da zafin rana a Ma'adi, irinsa na farko mai wannan girma a duniya. Madubai ne masu lanƙwasa, jeri biyar, kowanne ya haura mita 60, suna tara rana a kan bututu har ruwa ya tafasa, tururin ya juya famfo. Yana ɗebo sama da lita 20,000 a minti ɗaya daga Nilu zuwa gonakin auduga. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, man fetur ya yi arha, aka watsar da shi. Yaƙi na biyu kuma ya kawo sojojin Niyu Zilan, suka kafa babban sansaninsu a hamadar bayan unguwar daga 1940, kimanin mutum 76,000 suka ratsa ta nan. A 1943 suka yi gasar tseren kwale-kwale da wani kulob na Alƙahira a kan Nilu, aka ba su kofi, suka tafi da shi gida. Tun 1947 'yan makarantun sakandaren ƙasarsu ke fafatawa a kan Kofin Ma'adi, yara da yawansu ba su san inda sunan ya fito ba.

Juyin juya halin 1952 da rikicin Suwes na 1956 su suka canja masu gidajen. Turawan Ingila da Faransa suka fice, Yahudawa suka bi bayansu, a farkon shekarun 1960 gwamnati ta karɓe kamfanin. Aka sauya sunayen tituna, titin Mosseri ya koma titin Orabi, amma bakin mutane bai saki wasu ba, har yau direba zai ce maka Midan Sawaris, wato dandalin Sawaris. Majami'ar Yahudawa ta Meyr Biton da aka gina a 1934 tana nan a Titi na 13, a rufe, da 'yan sanda a ƙofa. Da Shugaba Sadat ya buɗe ƙofar kasuwanci a shekarun 1970, kamfanonin mai da hukumomin agaji na waje suka shigo, ma'aikatansu suka nemi inda ke kusa da makarantar Amurkawa, haya ta tashi. Magada suka ga gidan kaka mai ɗaki biyar da lambu zai iya zama bene mai hawa goma, aka shiga rushe-rushe. Wasu mazauna suka kafa ƙungiyar masoya bishiyoyi a 1973 don su tare abin da zai taru. Dokar kare tsoffin gine-gine mai lamba 144 ta zo a 2006, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa. A ganina abin da ya rage ya kai a zauna dominsa, amma za ka riƙa ganin katon bene ya danne ƙaramin gida mai jan rufi kamar zai haɗiye shi.

Yanzu ga yadda take a ƙasa. Sarayat ita ce tsohuwar, mai tituna masu ƙananan lambobi, da ofisoshin jakadanci da gidajen jakadu, ita ce mafi tsada da shiru. Gabas da ita Degla, inda lambobin tituna suka shiga 200, benaye ne matsakaita, kuma nan baƙi masu yara suka fi taruwa. Sai Sabuwar Ma'adi wajen titin Nasr da titin Lasilki, wadda ta fi kama da sauran Alƙahira: shaguna, ofisoshi, cunkoso, haya mai dama-dama. Zahra'ul Ma'adi tana can bayan babbar hanyar Otostirad, gidaje sababbi masu sauƙin kuɗi, amma in ba ka da mota ka shiga uku. Kornish benaye ne masu kallon ruwa. Sannan akwai Hada'iƙul Ma'adi da Arab al-Ma'adi, unguwannin talakawa masu lunguna da keke mai ƙafa uku, inda 'yan Sudan da Sudan ta Kudu da yawa suke zaune, kuma daga nan ne masu gadi da masu aikin gida da masu gyaran famfo na Sarayat ke fitowa kowace safiya. Duk waɗannan in ka ga talla za a rubuta maka "Ma'adi" ne kawai.

Ni ma an taɓa yi mini. Wani dillali, su "simsar" suke cewa, ya yi ta rantsuwa a waya cewa gidan yana kallon Nilu. Muka hau hawa na tara, lif ɗin ma ya tsaya a na bakwai muka ƙarasa da ƙafa. Na duba falo, bangon maƙwabci nake gani. Na duba ɗakin kwana, haka. Sai ya ja ni banɗaki, ya buɗe 'yar taga, ya ce in ɗan leƙa hagu. Tsakanin benaye biyu ga wani ɗan tsiri na ruwa da bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya dube ni da fara'a ya ce, "Ga Nilu, ya basha." Saboda haka kada ka biya ko sisi kafin ka taka da ƙafarka, kuma ka je sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, don titin da ke shiru da hantsi yana iya zama matattarar masu shan shisha da dare.

Abin hawa shi ne babban abin da ya kamata ya yanke maka shawara. Tsohon layin dogon nan shi aka mayar layin metro na ɗaya, wato jirgin ƙasa na cikin birni, a 1987, na farko a nahiyar Afirka, kuma yana da tasha uku a nan: Hada'iƙul Ma'adi, Ma'adi, da Sakanatul Ma'adi, wato barikin soja. Daga tashar Ma'adi zuwa tashar Sadat da ke ƙarƙashin dandalin Tahrir tasha takwas ce, tafiyar da ba ta cika wuce minti ashirin ba. Tafiyar nan a mota ta Kornish da ƙarfe takwas na safe tana iya cin awa guda. Akwai taragu na mata zalla a tsakiyar jirgin, uwargida za ta ji daɗin wannan, amma lokacin tashi daga aiki matsi ne na gaske ga kowa. Masu mota suna da Kornish, da Otostirad, da hanyar zobe da ta kewaye birnin, wadda ke haye kogin ta gadar Munib zuwa Giza. Ka tambayi inda ofishinku yake kafin komai. In a tsakiyar gari ne ko Garden Siti, Ma'adi ta dace. In kuwa a Sabuwar Alƙahira ne, ko sabon babban birnin da gwamnati ke komawa can gabas cikin hamada, ko birnin Shida ga Oktoba a yamma, za ka ƙarar da shekara biyun a kan hanya. Wani abu kuma, lambobin titunan ba sa bin hankali: kana Titi na 9 sai ka ga na 83 ya gitta, shatale-talen kuma duk kamarsu ɗaya. Direbobin tasi 'yan gari ma ɓata suke yi, don haka ka riƙe sunan dandali mafi kusa da gidanka, kamar Midan Fiktoriya ko Midan Hurriyya.

Makarantu su ne suka riƙe darajar unguwar. Cairo American College, wadda aka kafa a 1945, tana Degla. Makarantar Faransawa ta Lycée Français tana da reshe a nan, akwai ta tsarin Ingila, akwai tsohuwar Kwalejin Fiktoriya da aka sauya wa suna zuwa Victory bayan 1956, ga kuma makarantu masu zaman kansu da ke koyarwa da Turanci a kan manhajar Masar. Manyan na ƙasashen waje kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin yawancin mutane, wani sashe ma da kuɗin waje ake biya. Ka tabbatar ko ma'aikatarku ce za ta ɗauki nauyi tun kafin ka sa hannu a takardar tafiya, kuma ka nemi gurbi da wuri.

Asibiti ba matsala ba ne. A kan Kornish akwai As-Salam International, mai zaman kansa, da ƙananan asibitoci da ɗakunan likitoci birjik a cikin unguwa, kantin magani kuma kusan kowane titi, da yawansu suna kawo maka har gida ko da tsakar dare. Babban asibitin soja shi ma yana bakin ruwan, kuma ya ga tarihi: a nan Sarkin Iran da aka hamɓarar ya rasu a Yulin 1980, nan aka garzayo da Sadat ranar 6 ga Oktoban 1981 bayan an harbe shi, nan kuma Mubarak ya yi zamansa har aka sallame shi a 2017. Kusa da shi za ka ga ginin Kotun Ƙoli ta Tsarin Mulki, mai ginshiƙai irin na gidajen bautar Fir'auna. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a wannan yanki.

Sayayyar yau da kullum Titi na 9 ne, wanda ya bi gefen layin metro: bankuna, gidajen burodi, masu kayan miya, wuraren shan shayi da gahawa, masu gyaran takalmi da waya. Degla tana da nata a wajen Titi na 233. Babban kantin Carrefour da ke ɗauke da sunan Ma'adi, wanda aka buɗe a 2002, yana can kan hanyar zobe, ba wurin zuwa da ƙafa ba ne. Kayan lambu da nama sun fi arha in ka haye gadar jirgi zuwa ɓangaren talakawa. Masallatai suna ko'ina, na Fathu a Titi na 9 da na Husaini Sidƙi a mashigar unguwa suna cikin sanannu, Kirista kuma yana da cocin Kibɗawa, na Katolika da na Anglika. Mutum mafi muhimmanci a rayuwarka dai shi ne "bawwab", mai tsaron ƙofar bene. Shi ke karɓar takardar wuta, ya kira mai gas, ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Ana ba shi wani abu duk wata, da ihsani lokacin Salla. Ka gaishe shi da "Ammu", wato baffa, ka haɗa da sunansa, za ka ga amfanin hakan ranar da famfo ya fashe. Haya kuma a ƙarƙashin dokar 1996 za ka yi ta, mai wa'adi, yawanci da ƙarin kuɗi duk shekara a rubuce cikin yarjejeniya. Ka karanta wannan sakin da kyau, ka kuma san ko da fam ɗin Masar aka rubuta ko da dala.

Iskar ba ta kai yadda bishiyoyin ke nunawa ba. Masana'antun siminti na Helwan suna kudu, a kaka hayaƙin ƙona karan shinkafa na rufe birnin, a bazara kuma guguwar khamasin na kawo ƙura. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu yana shiga ƙashi domin gidajen ba don sanyi aka gina su ba. In akwai mai asma a cikin yaran, ka sa wannan a lissafi.

Wurin shaƙatawa, kulob ɗin wasanni na Ma'adi da ya faro tun farkon shekarun 1920 na mambobi ne, shigarsa ba sauƙi. Wanda ya fi mini shi ne Wadi Degla, kwari mai bangon farar ƙasa da ya miƙa kusan kilomita 30 cikin hamada, an mayar da shi wurin da doka ta kare a 1999. Minti kaɗan daga Zahra'u sai ka ji ƙarar birni ta ɗauke ɗif, yara kuma za su riƙa ganin bawon dodon koɗi a jikin dutse, shaidar cewa teku ta taɓa rufe wurin.

Kogin kuwa, tunda ba za ka same shi daga taga ba, ka same shi yadda mutanen wurin ke yi. Ranar Juma'a bayan la'asar ka sauka Kornish inda masu "faluka" ke ɗaure jiragensu masu filafilai, ku yi ciniki na awa ɗaya kafin ka sa ƙafa, ka ɗauko abincinku daga gida. In iska ta yi kyau ka ce ya nufi arewa wajen tsibirin Dahab. Gadar hanyar zobe ta bi ta samansa amma ba ta sauka a kai ba, don haka mutanen ciki, da shanunsu da gonakinsu, har yau da kwale-kwalen fito suke shiga su fita.